Jagora Ga Mai Tsaron Tasha: Yadda Ake Tare Shiru Idan Sadarwa Ta Yanke

Duk wanda ya zauna a unguwar Zango ta birnin Kwatano ya san cewa akwatin rediyo bai rasa martabarsa ba har yau, ko da yake wayar hannu ta shiga aljihun kowa, domin tela da ke kan kekensa, da mai shayin da ya hura wuta tun kafin assalatu, da dattijon da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa babban masallaci ran Juma'a, dukkansu sun fi son muryar da za ta iske su inda suke ba tare da sun sayi kati ba. Shi kuwa mai saurare yakan yafe wa mai gabatarwa tuntuɓen harshe, yakan yi haƙuri da tallan da aka maimaita har ya gundure shi, amma shiru ne ba ya yafewa. Da zarar akwati ya yi tsit, sai ya bubbuga shi sau ɗaya don ya tabbata ba batir ba ne, sa'an nan ya murɗa gaba, ga tashoshi nan birjik tun daga 1997, shekarar da doka ta buɗe sararin samaniyar Benin ga masu zaman kansu, hukumar HAAC tana raba musu zango-zango.

Sabubban yankewa a wannan gari uku ne a galibi, kuma ya kamata mai tsaron tasha ya san halin kowanne, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko wuta. Ƙasar nan ta daɗe tana dogara ga lantarkin da ake sayowa daga Ghana da Nijeriya, kuma ko da yake tashar Maria-Gléta da aka buɗe a 2019 ta rage raɗaɗin, har yanzu wutar kamfanin SBEE takan ƙifta, alhali ƙiftawar sakan guda ta isa ta kashe kwamfutar da ba za ta farfaɗo ba sai bayan mintoci. Na biyu layin intanet, wanda yanzu shi ne ke ɗauke da tafsiri daga masallaci zuwa sitidiyo, a wasu tashoshin ma shi ke ɗauke da shiri daga sitidiyo zuwa na'urar watsawa. Wannan layi kuwa jijiyarsa tana ƙarƙashin teku: igiyar SAT-3 da ta sauka a gaɓar Kwatano ta samu lahani a watan Yuli na 2009, har abin ya shafi Togo da Nijar da Nijeriya, kana ran 14 ga Maris na 2024 igiyoyi huɗu suka lalace a lokaci ɗaya daura da gaɓar Kwaddibuwa, watau SAT-3 da ACE da WACS da MainOne, aka yi makonni kafin a gama gyara. Wani lokaci ma ba teku ba ce, domin ran zaɓen 'yan majalisa, 28 ga Afrilu na 2019, an wayi gari intanet a rufe a faɗin ƙasar. Na uku tauraron ɗan'adam, ga tashoshin da ke karɓo labarai daga gidajen rediyon waje: ruwan sama mai ƙarfi irin na watan Yuni yakan danne saƙon, sa'an nan sau biyu a shekara, wajajen Maris da Satumba, rana takan daidaita da bayan tauraron, ta toshe kunnen faranti na 'yan mintoci, kwanaki kaɗan a jere.

To, abin da ake bukata shi ne na'ura mai kunne, wadda za ta zauna tana sauraren shirin dare da rana, in ta ji ya ɗauke ta sa wani sauti da aka tanada, watau guzuri, in ya dawo ta janye. Ƙa'ida ta farko game da ita, wadda sau da yawa akan saɓa mata saboda son sauƙi, ita ce a ajiye ta a ƙarshen silsila, gab da na'urar watsawa, ba a cikin sitidiyo ba. Dalili kuwa a fili yake, domin guzurin da aka ajiye a sitidiyo, in hanyar da ke tsakanin sitidiyo da eriya ce ta yanke, ba shi da ta inda zai bi ya kai ga jama'a. Akwai akwatunan da aka ƙera musamman don wannan aiki, irin su Exstreamer na kamfanin Barix, wanda ke karɓar sauti ta intanet, in ya rasa ya koma ga filashin da aka soka masa, da DB8008 na kamfanin Deva, da RB-SD1 na Sonifex, wanda shi aikinsa saurare ne da sauya layi kaɗai, sai an haɗa masa abin da zai kunna. Tashar da aljihunta bai kai nan ba tana iya ɗaukar ƙaramar kwamfuta, ko da Raspberry Pi ce, ta ɗora mata manhajar Liquidsoap, wadda ɗalibai suka fara rubutawa a birnin Liyon na Faransa kuma ake bayar da ita kyauta. Ni dai a ganina akwatin da ba ya yin kome sai wannan aiki ya fi aminci, saboda kwamfutar da ke da fuska da madannai, ko ba daɗe ko ba jima, wani zai zo ya duba sakamakon ƙwallo a kanta. Kowace iri aka zaɓa, lalle a tambayi mai sayarwa ko tana barin sautin asali ya wuce in ita kanta ta mutu, don kada mai gadi ya zama shi ne ya kulle ƙofa.

Kafin a kai ga guzuri, akwai abin da ke haɗiye ƙananan yankewa tun ba a ji su ba, shi ne ma'ajin sauti da ke cikin na'urar karɓa. Misalinsa kamar randa ce da aka girke ƙarƙashin famfo: ruwa yana zuba ta sama ana ɗiba ta ƙasa, in famfo ya ɗauke na ɗan lokaci masu gida ba su sani ba, sai in ya daɗe har randa ta ƙafe. Idan aka ba ma'ajin sakan 10, duk tangarɗar da ba ta kai haka ba za ta wuce salin-alin. Amma fa yana da farashi, domin duk abin da aka tara jinkiri ne, kuma mai saurare zai riƙa jin magana bayan an faɗe ta da gwargwadon wannan adadi. Ga wa'azi da hira babu laifi ko da sakan 20 ne. Ga shirin da ake buga waya kai tsaye, jinkiri mai yawa yakan rikita mai kira. Ga azumi kuwa mas'alar tana da fuska biyu: kiran magariba da ya makara da 'yan sakan bai ɓata wa kowa azumi ba, amma sanarwar ketowar alfijir da ta makara, musamman in na'urar irin mai tara jinkiri ce bayan kowace yankewa har ya zama mintoci, tana iya sa mutum ya ci gaba da sahur bayan lokaci ya fita. Saboda haka a saita na'urar ta zubar da tsohon abin da ta tara duk sa'ad da layi ya dawo, kuma sanarwar lokutan ibada a bar ta a bakin mutum mai agogo a cikin sitidiyo.

Yanzu sai mu zo ga zuciyar sana'ar, wadda ita ce rarrabe shiru da shiru. Na'ura ana ba ta umarni biyu ne: ƙasa da wane ƙarfi za ta ɗauki sauti a matsayin babu, kuma tsawon wane lokaci za ta jira kafin ta yanke hukunci. A bisa al'ada akan sa ma'aunin farko wajen desibel 40 zuwa 50 ƙasa da ƙololuwa, na biyu kuwa sakan 10 zuwa 15, kuma wannan ya wadatar ga tashar da ba ta da aiki sai kiɗa. Amma tashar da ke yi wa mutanen Zango hidima tana da shirun da ba na lalacewa ba ne. Limami yakan zauna tsakanin huɗuba biyu. Mai jan baƙi yakan kai aya ya tsaya, malam ya numfasa, ya gyara tabarau, ya buɗe shafi kafin ya soma fassara. Makarancin da ke karatu da tajwidi a natse yakan yi waƙafi mai tsawo. Sa'an nan ga sallar kanta, inda ruku'u da sujada babu abin da makirfo ke ɗauka sai kabbara. In aka bar na'ura da saitin da ta zo da shi daga kanti, ranar Juma'a ta farko za ta kunyata tashar, ta saki kiɗan taken shiri alhali limami yana zaune a kan mumbari.

Waɗansu sukan magance wannan da tsawaita jira zuwa minti guda ko fiye, amma sun sayi aminci ne da abin da ake gudu tun farko, tun da yanzu kowace yankewa ta gaskiya sai ta ci minti guda na shiru. Hanyar da ta fi ita ce a lura cewa shirun masallaci ba shiru ba ne a kunnen na'ura. A cikinsa akwai kaɗawar fanka, da tarin wani tsoho a sahu na uku, da kukan baburan haya na zemijan daga titi, alhali shirun layin da ya mutu babu kome a cikinsa ko kaɗan. Sai a kafa ƙaramar makirfo ta biyu a masallacin, nesa da bakin limami, a buɗe ta kaɗan yadda motsin jama'a zai riƙa shiga ƙasa-ƙasa ba tare da ya dami mai saurare ba, sa'an nan a sauke ma'aunin na'urar zuwa wajen desibel 55 ko 60, ƙasa da wannan motsi. Ba a yin haka da ka: a je masallacin a ɗauki sauti na huɗuba guda cikakkiya, a duba wurin da ya fi kowane sanyi, a sa ma'auni ƙasa da shi da ɗan rata. Abu guda ke rushe wannan dabara, shi ne manhajojin waya masu share hayaniya, waɗanda da mai magana ya yi shiru sai su goge kome su bar fili fetal. Wajibi ne a kashe wannan sharewa a wayar da ake aikowa da ita, in kuwa ba ta kasuwa a sake manhaja.

Akwai kuma akasin wannan, watau lalacewar da ba ta zo da shiru ba. Faranti yakan rasa tauraro ya riƙa fitar da shuuu, wayar da ta kwance takan yi gunji, layi mai rauni yakan riƙa tsinka magana gutsure-gutsure, kuma duk waɗannan a wurin na'ura mai jiran shiru lafiya lau ne. Don haka in sautin ta intanet yake zuwa, a sa sharaɗi na biyu: ko da ana jin wani abu, muddin ma'aji ya ƙafe sau da yawa a cikin ɗan lokaci, a ɗauka layin ya faɗi.

Game da abin da za a zuba a filashi, nan ne ake gane tashar da ta san mutanenta. Sharaɗinsa babba shi ne kada ya ƙunshi kome da ke nuna lokaci: babu barka da asuba, babu faɗin ƙarfe nawa, babu sanarwar rasuwa ko ɗaurin aure, babu farashin raguna na Layyar bara. Kiran salla kuwa haramun ne ya kusanci wannan filashi, domin ba a san sa'ar da na'ura za ta farka ba, kuma wanda ya sha ruwa da la'asar sakaliya saboda ya ji kira a rediyo ba zai karɓi uzurin cewa igiya ce ta tsinke a teku ba. Talla ma a bar ta, tun da mai talla ya biya ne a kan adadi da lokaci. Abin da ya dace shi ne gajerun shirye-shirye na minti 2 zuwa 4 waɗanda ba sa tsufa, kamar nasiha a kan tsabta da zazzabin cizon sauro, da tarihin fatake da yadda zangon Hausawa ya kafu a garuruwan kurmi, da tatsuniya, da waƙoƙin da tashar ta riga ta daidaita haƙƙinsu da ofishin BUBEDRA. Tsakanin kowane biyu a sa sunan tasha da lambar zangonta. Farkon abin da zai fita kuwa ya zama 'yar sanarwa mai taushi, cewa an samu tangarɗa kuma shiri zai dawo in Allah ya so, da Hausa da Faransanci, in da hali a ƙara Dendi da Yarbanci da Fon, gwargwadon masu sauraren tashar.

Mutane da yawa za su ce a cika filashin da karatun Alƙur'ani a huta, tun da ba ya tsufa kuma ba wanda zai yi ƙorafi. Ban goyi bayan wannan ba sai da sharaɗi, saboda na'ura ba ta san waƙafi ba, kuma in layi ya dawo za ta datse aya a tsakiya, wataƙila a inda tsayawa ke juya ma'ana. In lalle ana so, to a zaɓi gajerun surori, kowace a fayil nata, a kuma tabbata na'urar tana da saitin jiran ƙarshen fayil kafin ta koma. Abin da ya fi kyau duka shi ne a tanadi jaka biyu, ɗaya ta sa'o'in addini mai ɗauke da nasiha da bege, ɗaya ta sauran yini, a ba na'ura jadawali. Liquidsoap tana iya wannan cikin sauƙi, akwatunan da ba su iya ba kuwa sai a cika su da abin da ba zai zama abin kunya ba ko a tsakiyar tafsiri ya faɗo.

Wuri ba matsala ba ne, domin sautin MP3 mai kilobit 128 bai cika megabait guda a minti ba, watau yini da kwana ba su kai gigabait ɗaya da rabi ba. Abin lura shi ne tartibi. A mayar da fayilolin duka iri ɗaya, a yanke shirun da ke kai da gindin kowanne, a ba su sunaye da lambobi zalla, 001, 002, ba tare da haruffa masu lanƙwasa ko wasullan Faransanci ba, saboda wasu akwatunan sukan tsallake sunan da ba su iya karantawa. A daidaita ƙarfinsu da na shirin yau da kullum. Ƙungiyar gidajen rediyon Turai ta fitar da ma'aunin R128 a 2010 don wannan, kuma manhajar Audacity ta kyauta tana iya daidaitawa a kansa, amma alƙali na ƙarshe kunne ne, a ƙaramin akwati irin na mai shayi. Sa'an nan a duba ko na'urar tana ci gaba daga inda ta tsaya, domin wadda kullum ke komawa fayil na farko, cikin mako guda yaran unguwa za su haddace shi su riƙa yi wa tashar ba'a da shi.

Komowa ta fi fita wuya. Layin da ya faɗi ba ya tashi gaba ɗaya. Yakan dawo sakan biyar ya sake faɗuwa, kuma na'urar da ke bin sa duk inda ya juya za ta riƙa jefa mai saurare tsakanin rabin jimlar malam da rabin baitin waƙa, abin da ya fi shirun muni, da muguwar rawa kuwa gara ƙin tashi. Sai a umarce ta kada ta amince da layi sai ya tsaya cak na sakan 30 zuwa 60 ba tare da ko gezau ba. In ya cika wannan, ta sassauta guzurin a hankali cikin sakan 2 ko 3, ta faɗi sunan tasha, kana ta buɗe shirin. Mai gabatarwa kuma, in yana nan, ladabi ne ya gaya wa jama'a abin da ya wuce su a taƙaice, ya ce malam yana kan aya kaza.

Duk wannan fa matakin ƙarshe ne, kuma tasha mai hankali takan sa wani mataki kafinsa, watau hanya ta biyu. Layukan waya biyu daga kamfanoni daban, a ce MTN da Moov ko Celtiis, suna maganin faɗuwar turken unguwa, amma ba sa maganin igiyar teku in dukkansu ta nan suke fita. Abin mamaki ne, amma haka yake, cewa sautin da aka ɗauka a masallacin Zango don sitidiyon da ke bayan 'yan tituna, sau da yawa sai ya je wata kwamfuta a Turai ya dawo, saboda can aka yi hayar mai rarrabawa. A nemi masani ya haɗa wuraren biyu kai tsaye a cikin gari, ko da ƙaramar eriya mai duban 'yar'uwarta in an samu izinin hukuma. In duk ya faskara, kiran waya na yau da kullum da aka shigar ta teburin haɗa sauti, duk da ƙarancin armashinsa, ya fi a rasa huɗubar ɗungum.

Na'urar tsaro, da na'urar karɓa, da akwatin intanet, duka a ɗora su a kan batir mai riƙe wuta, wanda zai ɗauke su har janareta ya kama. Batirin nan kuwa zafi yana rage masa kwana, a riƙa gwada shi da kaya a kansa maimakon a dogara ga koren fitilarsa. Iskar teku ta Kwatano mai gishiri ce da laima, tana cin bakin wayoyi a ɓoye, don haka a riƙa zare su ana gogewa, a kuma ajiye filashi na biyu mai kwafin kome a cikin aljihun tebur.

Akwai wata illa da ke zuwa daga ƙwarewa kanta, ita ce guzuri ya yi daɗi har ma'aikata su kasa lura cewa sun bar iska, mai gabatarwa yana ta zuba a sitidiyo alhali gari yana jin tatsuniya. Maganinta jar fitila a gaban mai gabatarwa, ko saƙon waya da na'urar za ta aika wa injiniya, tare da dokar cewa lasifikar sitidiyo daga akwatin rediyo take ɗauka, ba daga tebur ba. A ajiye littafi a rubuta kowace yankewa, ranarta da sa'arta da tsawonta da sababinta, domin bayan wata uku littafin zai nuna ko kamfanin waya ne za a canja ko batir. Kuma tun da ba a fafe gora ranar tafiya, a ware sa'a guda a kowane mako, can tsakar dare sa'ad da masu saurare suka yi ƙaranci, a zare wayar layi da hannu, a tsaya da agogo a ƙirga sakan nawa kafin guzuri ya fito, a mayar da ita a ƙirga na komowa, sa'an nan a kashe wutar ɗakin gaba ɗaya a sake gwadawa. Makon da ya gabaci azumi kuwa a yi wannan gwaji daga masallacin kansa, da makirfo da wayar da za a yi tafsirin da su, da kuma yaron da zai riƙe su har wata ya ƙare.